Ciwon Dasashi da Ciwon Sukari: Tambayoyi da Amsoshi

Mai ciwon sukari ya san ana duba masa ido, ana duba ƙoda, ana duba ƙafa. Baki ne aka fi mantawa da shi, alhali tun 1993 masanin haƙori Harald Löe ya kira ciwon dasashi matsala ta shida cikin matsalolin da ciwon sukari ke haifarwa. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan batu.

Mene ne ciwon dasashi? Ba shi ne ciwon haƙori ba?

A'a. Ciwon haƙori da aka sani rami ne a jikin haƙorin kansa, kuma yana da zafi. Ciwon dasashi kuwa yana cin abin da ke riƙe da haƙorin ne, wato naman da ke zagaye da shi, da zaruruwan da suka ɗaure saiwarsa, da ƙashin muƙamuƙin da yake zaune a ciki. Yawanci ba ya zafi, shi ya sa mutum kan shekara goma da shi bai je asibiti ba.

Mataki biyu ne. Na farko kumburi ne kawai: dasashi ya yi ja, yana jini idan an goge baki. Wannan yana warkewa sarai cikin mako biyu zuwa uku idan an tsaftace wurin yadda ya kamata. Na biyu shi ne lokacin da kumburin ya gangara ƙasa, dasashi ya saki jikin haƙori, aka sami aljihu tsakaninsu, ƙashi ya fara zaizayewa. Ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da kansa. Abin da magani ke yi shi ne tsayar da ɓarnar inda ta kai.

Tushen duka biyun shi ne wannan farin danƙon da ke taruwa a gindin haƙori, wanda za ka iya kankarowa da farce. Ba ragowar abinci ba ne kamar yadda ake zato, tarin ƙwayoyin cuta ne masu rai. Idan an bar shi, sinadaran miyau sukan daskarar da shi ya zama tsatsa mai tauri kamar dutse, wadda buroshi ba ya iya cirewa.

Ta yaya sukarin jini ke lalata dasashi?

Mai ciwon sukari ya fi wanda ba shi da shi shiga haɗarin ciwon dasashi mai tsanani da ninki biyu zuwa uku, kuma haɗarin yana bin tsayin sukarin ne. Wanda ya riƙe sukarinsa da kyau bai fi sauran mutane shiga haɗari sosai ba.

Idan sukari ya daɗe yana sama, yakan manne a jikin sinadaran da suka gina nama da jijiyoyin jini, ya sa su taurare. Waɗannan gurɓatattun sinadarai suna tunzura garkuwar jiki, sai ta mayar da martani fiye da kima ga ƙwayoyin cutar da ke gindin haƙori. Garin yaƙar ƙwayoyin sai ta narkar da zaruruwa da ƙashin mai jikin. A lokaci guda kuma fararen ƙwayoyin jini masu kai ɗaukin farko sun yi sanyi, ƙananan jijiyoyin jinin dasashi sun ƙuntace, rauni ba ya saurin warkewa. Ga kuma bushewar baki, saboda yawan fitsari da wasu magunguna, alhali miyau ne ke wanke baki dare da rana.

To shi kuma dasashi, ta yaya zai taɓa sukarin jini?

Cikin aljihun nan da muka ambata ɗanyen rauni ne wanda ba a gani. Idan aka haɗa faɗinsa a bakin mai ciwon dasashi sosai, yakan kai faɗin fuskar kwalin ashana ko kusa da haka. Da a ƙafa mai ciwon sukari yake da gyambo mai wannan girman, da ba wanda zai bar shi ya kwana a gida. To wannan yana nan a baki shekara da shekaru, kuma duk tauna, duk goge baki, ƙwayoyin cuta da gubarsu suna shiga jini ta nan.

Jiki yana amsawa da sinadaran kumburi, hanta ma tana ƙara nata, wanda ake aunawa a gwajin jini na CRP. Waɗannan sinadarai suna toshe saƙon insulin, sinadarin da ke shigar da sukari daga jini zuwa cikin nama, a cikin tsoka da hanta da kitse. Insulin yana nan, amma jiki ba ya jin maganarsa sosai, sai sukari ya tsaya a jini. Abin ya zama zagaye: sukari na ɓata dasashi, dasashi na ɗaga sukari.

An fara ganin wannan a fili cikin ƙabilar Pima ta jihar Arizona a Amurka, mutanen da ciwon sukari ya yi wa yawa ƙwarai kuma aka daɗe ana bin lafiyarsu. Rahoton 1996 ya nuna masu ciwon dasashi mai tsanani sun fi samun lalacewar sukari bayan shekara biyu. Na 2005 kuma ya nuna mutuwa daga ciwon zuciya da ƙoda ta kai kusan ninki uku a cikinsu.

Idan an yi maganin dasashi, nawa sukarin ke sauka?

Ana auna wannan da gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin jini na wata biyu zuwa uku da suka wuce. A 2022 ƙungiyar Cochrane, mai tace sakamakon binciken lafiya, ta tattara bincike 35 da suka ƙunshi mutum 3,249, kusan dukkansu masu nau'i na biyu na ciwon sukari. Waɗanda aka yi wa maganin dasashi HbA1c ɗinsu ya sauka da maki 0.43 bayan wata uku zuwa huɗu, idan aka kwatanta da waɗanda ba a yi wa ba. A wata shida bambancin ya zama 0.30.

A sauƙaƙe, mai 8.0 zai iya komawa kusan 7.6. A na'urar gwajin gida, wannan daidai yake da saukar matsakaicin sukari da kusan 12 a ma'aunin mg/dL. Matsakaici ne fa: wani zai samu fiye da haka, wani ba zai ga komai ba. A hankalce, wanda dasashinsa ya fi lalacewa kuma sukarinsa ya fi hawa shi ya fi samun abin ragewa.

Na ji an ce wani babban bincike bai ga amfanin komai ba. Wa za a gaskata?

Gaskiya ne, an yi. A 2013 aka fitar da sakamakon wani gwaji a Amurka mai mutum 514, inda wankin dasashi bai sauke HbA1c ba bayan wata shida, har ma aka tsayar da ɗaukar mutane tun kafin a kai adadin da aka yi niyya. Masana dasashi da yawa sun soki gwajin da cewa bayan maganin wurare da dama a bakin mutanen suna ci gaba da jini, wato kumburin bai mutu ba, kuma yawancinsu masu ƙiba ne sosai, ita kuwa ƙiba da kanta tana riƙe kumburi a jiki.

Sai kuma a 2018 Francesco D'Aiuto da abokan aikinsa a Landan suka fitar da nasu, mai mutum 264, na tsawon shekara guda. Rukuni ɗaya an yi musu wankin sama-sama kawai. Ɗaya rukunin an kankare musu har ƙarƙashin dasashi, an yi tiyata inda aljihu ya ƙi rufewa, kuma ana kiransu duk wata uku a sake gyarawa. Bayan wata 12, HbA1c na rukuni na biyu ya fi na farko ƙasa da maki 0.6.

A ganinmu gwaje-gwajen biyu ba su saɓa wa juna sosai ba. Abin da ke sauke sukari shi ne mutuwar kumburin. Idan an yi wanki amma dasashi yana ci gaba da jini, ba a kai ga abin da ake nema ba tukuna.

Rabin maki ɗin nan ya kai a wahala dominsa?

Ya kai. Babban binciken UKPDS da aka yi a kan masu ciwon sukari a Birtaniya ya nuna duk saukar maki 1 a HbA1c tana tafe da raguwar lalacewar ido da ƙoda da makamantansu da kashi 37 cikin ɗari, da raguwar mutuwa mai nasaba da ciwon sukari da kashi 21 cikin ɗari. Rabin wannan ba abin rainawa ba ne, musamman da yake babu ƙarin ƙwayar da za a sha kullum. Ban da haka, wanda haƙoransa suka zube yakan koma kunu da fura da burodi da tuwo mai laushi, ya bar ganye da nama da gyaɗa, kuma sukari ya san da wannan canjin.

Ke nan zan iya rage maganin sukarina bayan an yi mini?

Kada ka rage da kanka. Maganin dasashi ƙari ne a kan metfomin ko insulin da abinci da motsa jiki. Idan gwaji ya nuna sukari ya sauka har yana neman yin ƙasa da yawa, likitan da ke duba sukarinka ne zai gyara adadin.

Me ake yi a asibitin haƙori, daki-daki?

Da farko awo. Ana zura wani siririn ƙarfe mai zanen milimita tsakanin haƙori da dasashi, wuri shida a kowane haƙori. Milimita 1 zuwa 3 babu jini lafiya ce. Daga 4 zuwa sama tare da jini akwai ciwo. Daga 6 zuwa sama aljihu ne mai zurfi. Ana rubuta lambobin, ana duba wane haƙori ke girgiza, a ɗauki hoton ƙashi. Idan an wanke maka baki ba a auna ba, ba za a san ko an ci nasara ba daga baya, don haka ka nemi a auna. Likita zai tambayi HbA1c ɗinka ma, domin a tsarin rarraba ciwon da aka amince da shi a 2017, mai 7.0 ko sama ana sa shi cikin waɗanda ciwonsu ke saurin ci.

Sai a koya maka goge baki da tsaftace tsakanin haƙora, a cire tsatsar da ke sama. Bayan nan sai babban aikin: kankare saiwar haƙori a cikin aljihu, da na'ura mai karkarwa tana fesa ruwa da kuma ƙananan ƙarafan hannu. Ana yin allurar kashe zafi. Wasu likitoci kan raba baki gida huɗu ko biyu, wasu su gama cikin kwana ɗaya ko biyu. Haƙorin da ƙashinsa ya ƙare, yana ta tara mugunya, gara a cire shi.

Bayan mako 6 zuwa 12 a sake awo. Abin nema shi ne aljihu ya koma milimita 4 ko ƙasa kuma babu jini. Inda ya rage 6 ko fiye, a sake kankarewa ko a yi ƙaramar tiyata a ɗaga dasashi a wanke ƙarƙashinsa. Daga nan mai ciwon sukari ya riƙa komawa duk wata uku, domin ƙwayoyin cutar sukan sake cika aljihu cikin 'yan watanni. Nan ne mutane suka fi faɗuwa: a yi aikin farko, baki ya yi daɗi, sai a ɓace shekara biyu.

An ce wankin haƙori yana sa haƙora girgiza, ya buɗe tsakaninsu.

Wankin ba ya buɗe komai, yana tona abin da ke ɓoye ne. Tsatsa ce ta cike wurin da ƙashi ya zaizaye, ta haɗe haƙoran kamar siminti. Da an cire ta, kuma kumburi ya saɓe, sai ramukan su bayyana, haƙori ya ɗan yi rawa na 'yan makonni kafin ya ƙara tsayawa. Tsamin haƙori idan an sha ruwan sanyi shi ma yakan zo, ya lafa cikin makonni. Man goge baki na masu tsamin haƙori yana taimakawa, a shafa a gindin haƙorin da dare kada a kurkure.

Yaya zan shirya wa ranar aikin?

Ka nemi lokacin safe. Ka karya kumallo kamar kullum, ka sha maganinka kamar kullum. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya yi allurar insulin ko ya sha gilibenkilamid, wanda aka fi sani da Daonil, sannan ya ƙi cin abinci don za a taɓa masa baki, ya zauna layi har azahar. Sai gumi, karkarwa, jiri, wani har ya suma a kan kujera.

Ka tafi da na'urar gwajinka da ƙwayar sukari a aljihu. Idan gwaji ya nuna ƙasa da 70 mg/dL, wato 3.9 mmol/L, ka sha giram 15 na sukari, kamar ƙwaya uku zuwa huɗu ko rabin kofin lemon kwalba mai zaƙi, ka jira minti 15, ka sake gwadawa.

Ka kai duk magungunanka a leda likita ya gani. Masu tsinka jini irin su asfirin da warfarin kada ka daina su sai an ce maka. Amlodifin da nifedifin na hawan jini suna sa dasashin wasu ya yi tsiro ya rufe haƙori, kuma likitanka zai iya canja maka wani idan abin ya yi yawa. Bayan aiki farasitamol ya isa yawanci. Mai matsalar ƙoda ya guji aibufurofen da daikulofenak. Ko baki na ciwo a ci abinci mai laushi a kan lokaci, irin su ƙwai, alale, kifi, faten wake, kuma a ƙara yawan gwajin sukari kwana biyu zuwa uku.

Sukarina yana sama sosai. In jira ya sauka tukuna?

Awo da koyon tsafta da kankarewa ba sa buƙatar jira, su ne ma ke taimaka masa ya sauka. Tiyatar dasashi da dashen haƙori su ake ɗagawa har sukari ya daidaita, saboda raunin ba zai haɗe da kyau ba. Ƙurji mai mugunya kuwa ba a jira da shi ko kaɗan.

Ba zan iya sayen amoksilin da Flagyl a kemis in huta ba?

Za su kwantar da kumburi na mako biyu ko uku, ya dawo. Ƙwayoyin cutar suna zaune ne cikin danƙo mai kauri a jikin saiwa da tsatsa, maganin da ke yawo a jini ba ya ratsa shi sosai. Dole a fasa shi da ƙarfe. Ana ba da waɗannan magunguna ne tare da kankarewa ga wasu kaɗan, kamar matashin da ciwon ke ci da sauri, ko mai ƙurji da zazzaɓi. Shan su barkatai yana koya wa ƙwayoyin cuta jure musu, kuma mai ciwon sukari yana iya buƙatarsu gobe don ƙafa ko mafitsara.

Me zan yi a gida? Asuwaki ya wadatar?

Buroshi mai laushi, sau biyu a rana, minti biyu, kuma na dare ya fi muhimmanci. A karkata bakin buroshin ya kalli inda haƙori ya haɗu da dasashi, a riƙa ɗan jujjuya shi a wurin, ciki da waje. Makilin ya kasance mai fulorayid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, a duba kwali a ga an rubuta yawansa 1,350 zuwa 1,500 ppm. A tofar, kada a kurkure da ruwa. A canja buroshi duk wata uku. Idan jini ya fito kada a daina goge wurin, jinin alamar datti ce, kuma yakan tsaya cikin mako biyu.

Asuwaki yana cire danƙo sosai a hannun wanda ya iya, musamman a fuskar haƙoran gaba. Sai dai yana wuyar kaiwa bayan matauna da ɓangaren harshe, kuma wanda ke dirza da busasshen asuwaki yana janye dasashinsa. A jiƙa shi, a yanke bakin da ya tsufa, a haɗa shi da buroshi.

Amma ko buroshi ko asuwaki babu mai shiga tsakanin haƙora, inda ciwon ya fi farawa. Don wannan akwai ɗan ƙaramin buroshi mai kama da na wanke kwalba, girma-girma, likita ya zaɓa maka wanda ya cika ramin ba tare da tilastawa ba. Sau ɗaya a rana. Inda ya matse a sa zaren sakace. Tsinken tsintsiya da allura da ashana suna fitar da nama ne kawai, su bar danƙon, su huda dasashi. Gawayi da toka kuma suna cinye saiwar da ta fito fili.

Ruwan kurkure baki fa?

Kulohekzidin mai ƙarfin kashi 0.2 cikin ɗari, mililita 10, minti ɗaya, sau biyu a rana, na mako ɗaya zuwa biyu bayan aiki. A bar rabin awa tsakaninsa da makilin. Idan an daɗe ana yi yana rina haƙora da harshe, musamman ga mai shan shayi da cin goro. Ruwan ɗumi da rabin ƙaramin cokali na gishiri yana sanyaya rauni, amma ba ya kaiwa ƙasan aljihu.

Za a iya yi ina azumi?

Ya fi a gama kankarewa kafin watan Ramadan ko a bari sai bayan salla, domin mai azumi da ke kan insulin ko Daonil ya fi kusa da faɗuwar sukari, kuma ana fesa ruwa da yawa a baki. Cikin azumi baki yana bushewa, don haka a goge sosai bayan sahur da kafin barci. Ƙurji ko kumburin fuska ba ya jiran salla.

Yaushe zan sake gwajin HbA1c?

A yi ɗaya kafin a fara, a sake bayan wata uku, a ɗakin gwaji ɗaya in da hali. Kafin wata uku ba zai nuna cikakken canji ba, tunda jajayen ƙwayoyin jini kan rayu kusan kwana 120. Mai sikila, da wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, da mai ƙarancin jini, lambarsu tana iya yaudara. Su sai a dogara da gwajin yatsa na safe da na awa biyu bayan abinci, ana rubutawa a littafi.

An yi mini amma ban ga canji ba. Me ya faru?

A fara da bakin: har yanzu yana jini? Idan eh, ko dai an bar tsatsa a cikin aljihu masu zurfi, ko ba a tsaftace tsakanin haƙora a gida, ko akwai haƙorin da ya kamata a cire aka bari. Sai taba. Sigari yana ɓoye jinin dasashi saboda yana matse jijiyoyi, sai mutum ya zaci ya warke, kuma yana rage amfanin maganin sosai. Mai shan kara 10 ko fiye a rana yana cikin rukunin da ciwonsu ya fi saurin ci. Idan kuwa baki ya gyaru amma sukari bai motsa ba, a duba abinci, nauyi, tsallake magani, ko wani ciwon a ƙafa ko mafitsara.

Ba a taɓa ce mini ina da sukari ba, amma dasashina yana yawan ƙurji.

Ka je a gwada. Ƙurji da ke fitowa nan da can a dasashi, haƙora suna girgiza tun mutum bai kai shekara arba'in ba, bushewar baki, farin kumfa a harshe, waɗannan sukan zama abin da ya fara tona ciwon sukari. Gwajin safe kafin cin abinci da ya kai 126 mg/dL, ko HbA1c da ya kai 6.5, idan an maimaita ya tabbata, ciwon sukari ne.

Wace alama ce ba a kwana da ita?

Kumburin da ya bar dasashi ya hau kunci, ko ya kusa ido, ko ya sauka ƙarƙashin haɓa. Baki ya ƙi buɗuwa, haɗiyar miyau ta yi wuya, murya ta canja, numfashi ya fara nauyi. Zazzaɓi tare da sukarin da ya haura 300 mg/dL ya ƙi sauka, ko amai da yawan barci. A mai ciwon sukari irin wannan kumburin yana iya toshe maƙogwaro cikin awoyi. A tafi sashen gaggawa na babban asibiti a daren, a tafi da magunguna da na'urar gwaji, kuma kada a daina insulin don an kasa cin abinci sai dai likita ya gyara adadinsa.